Akwatin Bikin Síle

Saura kwana huɗu bikin Síle, Dinny Moynihan ya sauko da akodiyonsa, abin kiɗa mai zugazugi da maɓallai, daga saman kabad. Akwati ake ce masa a wajen garinsu Rathmore, shi ma haka yake cewa. Ya riƙe gefe ɗaya ya saki ɗayan, yadda ake gwada zugazugi. Mai lafiya a hankali yake buɗewa, kamar ba ya so. Nasa kuwa zubewa ya yi har gwiwarsa, ya ja dogon tsaki.

Síle, 'yarsa tilo, tana bakin ƙofa da kofin shayi a hannu.

"Baba, ka yi alkawari fa. Rawar farko kai za ka kaɗa."

"Na san na yi."

"Kai da Gwaggo Nóra, ita da goge. Jiya ma sai da ta tambaya wai ko ka iya."

Nóra gwaggon ango ce, shekara talatin tana koyar da goge a birnin Cork. Dinny bai taɓa ganin ta ba, amma tuni jininsu bai haɗu ba. Ya ɗauki hularsa ya fita.

Mai gyaran akwati ɗaya ne a yankin, Con Buckley, yana zaune da yayarsa Hannie a ƙarshen wata hanya mai laka. Dinny bai faɗi abin da ya kawo shi ba, don ba a yin haka. Suka yi zancen ruwan sama, da ciyawar da ta ƙi bushewa, da mutum uku da suka mutu. Hannie ta kawo shayi da burodi da man shanu, ta koma kicin ta bar ƙofa buɗe. Sai a kofi na biyu Dinny ya dubi rufi.

"Ba wai ina neman akwati ba ne."

"Ni ma ba wai ina sayarwa ba," in ji Con, ya tashi ya ɗauko.

Baƙi ne wuluk, ɗan Italiya, yana sheƙi kamar takalmin fadan coci ranar Lahadi. Ya burge Dinny, sai ya ɓata fuska. Ya shinshina zugazugin, ba warin danshi. Ya rataye shi ta gefe ɗaya, ya ƙi buɗewa sai da kyar. Ya bi maɓallan layi biyun da yatsa ba iska, ba wanda ya yi ƙwas, ba wanda ya nutse ya maƙale. Con ya cire murfin ya nuna masa harsunan ƙarfen da ke ciki, ya ce da hannu aka goge kowanne. Ba shi da nauyi kuma, abin da kafaɗar Dinny ta hagu ta daɗe tana roƙo.

"Ba laifi," in ji Dinny.

"Na ga waɗanda suka fi shi muni."

Dinny ya ɗora shi a cinya ya fara folka, kiɗan rawar yankinsu mai sauri. Akwatin ya amsa tun kafin ya gama tambaya. Ta ƙofar kicin yana hango Hannie tana fere dankali, ƙafarta ta dama tana buga ƙasa. Hannie ta yi shekara sittin tana rawa, kuma kowa ya san ƙafarta ba ta ƙarya. Ya ƙara guda, ya ƙara wata. A ransa har ya ga Nóra ta sunkuyar da kai.

Hannie ta goge hannu a jikin rigarta. Ta zaro sarewar kwano daga cikin tulun da take zuba cokula, ta zo ta tsaya a kansa ta shiga waƙar.

Abin da ya fito kamar an taka wa kyanwa biyu wutsiya lokaci ɗaya. Karen Con ya tashi ya fita waje, cikin ruwan sama.

Dinny ya tsaya. "Sarewarki ta lalace, Hannie."

"Sarewata ta girme ka, kuma ba ta taɓa lalacewa ba. Kai ne a ƙasa."

Ya dubi maɓallan, sai a lokacin ya gane. Akwatin tsarin mutanen Galway ne. A ido duk ɗaya suke, layi biyu, maɓalli ashirin da uku. Amma in ka sa masa yatsun Kerry, yankin su Dinny, waƙar za ta fito daidai, sai dai gaba ɗayanta ta sauka mataki guda. Kai kaɗai a kicin ba za ka taɓa sani ba. Sai ranar da ka zauna kusa da goge.

"Con, ka san da haka?"

"Na sani."

"Shi ne ka yi shiru?"

"Shekara arba'in kana kiɗa, ni ne zan gaya maka abin da ke kan cinyarka? Ai da ka yi fushi."

Dinny ya yi tunani, ya ga lallai da ya yi fushi.

"In na koyi yatsunsu fa?"

"Shekara biyu, ga mai kai," in ji Con. "Kai mu ce uku."

"Ko ka kira matar," in ji Hannie, "ka roƙe ta ta sassauta igiyoyinta su sauko inda kake. Ba wuya."

Dinny ya hango kansa riƙe da waya yana roƙon Nóra. Ya hango ta tana ba da labarin a Cork har ƙarshen ranta. Ya zare maɗaurin daga kafaɗa, ya miƙa wa Con baƙin akwatin ba tare da ya sake kallonsa ba.

"Babu mai irin tsarinmu?"

"Akwai guda," in ji Con. "Yaya, kina ganin zai iya?"

"Kawo masa. Ai babba ne."

Con ya shiga ɗaki ya daɗe. Abin da ya fito da shi launin ruwan hoda ne, irin na alewar yara. A gabansa an jera ƙananan duwatsu masu ƙyalli, sun rubuta BERNADETTE da manyan baƙaƙe. Na wata mata ce da ta yi kiɗa a gidajen rawa na Ingila, ta rasu bara.

"A cire sunan," in ji Dinny.

"In na ɓamɓare su fatar za ta biyo. Sai bayan biki."

Dinny ya shinshina shi, yana fatan danshi. Babu. Ya rataye shi, yana fatan ya zube. Bai zube ba. Ya kaɗa folkar nan dai, Hannie ta shiga da sarewa, suka tafi kamar mutum ɗaya har ƙarshe. Sautin ya fi na baƙin kauri, irin wanda ake ji ta saman takalman mutum takwas masu rawa.

"Ba laifi," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa.

Ranar Asabar, bayan an ci abinci, aka ture tebura gefe. Dinny ya buɗe jakar akwatin a hankali, ya juya wa mutane baya muddin ya iya. Da ya zauna, duk idanu suka koma kan akwatin. Wani daga baya ya ɗaga murya: "Bernadette, kin yi aski ne?"

Nóra ƙaramar mace ce mai tabarau. Ta karanta sunan daga farko har ƙarshe.

"Ba ni sauti," ta ce.

Ya danna maɓalli ɗaya. Ta ja goge, ta kai hannu ga maɗaurin igiya don ta gyara, sai ta ga ba abin gyarawa. Ta mai da hannun.

Síle ta tattare farar rigarta, ta ja Cathal, angon, zuwa tsakiyar fili, sauran mutum shida suka tsaya a wurarensu. Ta dubi babanta, ta dubi akwatin, ta cije leɓe don danne dariya.

"Baba, ka shirya?"

"Kar ki ce komai," in ji Dinny. Ya buga ƙafa sau biyu, suka fara.