Jar Fitilar Cocin Gwaggo

Wata takwas ke nan Gwaggo ba ta kira shi Auta ba. Injiniya take ce masa, a ladabce, kamar baƙon da ya zo karanta mita. Ita ta goya shi bayan rasuwar uwarsa, ita ta kai shi koyon gyaran wuta, kuma ko da ya bar cocin Katolika ya koma na Furotesta ba ta ɗaga murya ba. Magana ɗaya ce ta ɓata su. Ana cin abinci ya ce, yana dariya, wai su Gwaggo sun mai da biskit Ubangiji. Ta wanke hannu ta tashi. Dangi suka yi ta cewa a bar zancen, ai duk ɗaya ne. Zancen masu neman zaman lafiya a arha ke nan, kuma su biyun sun san ba gaskiya ba ne.

Sai ga cocin su Gwaggo yana neman mai sake wayoyin rufi, aikin ya faɗo hannunsa. Ya iso da hantsi, tsani a kafaɗa, ya tarar da ita tana goge benci, don ita ke kula da ɗakin.

"Zan kashe wuta gaba ɗaya, Gwaggo. Kamar awa uku."

"Har da waccan?" Ta nuna wata 'yar jar fitila a bango, kusa da akwatin ƙarfen da suke ajiye gurasar da Fada, limamin cocin, ya tsarkake.

"Ita ma ai waya ke ba ta."

"To dakata, Injiniya."

Ta kunna kyandir, ta je ta tsaya daidai ƙarƙashin fitilar. "Yanzu kashe."

Ya hau rufi ya buɗe silin. Tarkace na zubowa, iska na shigowa ta ƙofofin da ya bari a buɗe don ya ga haske. Gwaggo ta kare harshen wutar da tafin hannu.

"Ki ɗora a benci mana. Ƙafarki fa."

"Iska za ta kashe. Ƙafar nan ta ɗauke ka shekara biyu, da ƙaton kanka, ba ta yi ƙorafi ba."

Bayan awa biyu ya leƙo ta ramin silin. Gaban cocin duhu, sai wutar nan guda. Kakin kyandir ya gangaro kan yatsunta ya daskare, wani ya bi bayansa, ba ta ko motsa ba. Tsayuwa ce ta wanda ke gaban babban mutum. Ayoyin Littafi Mai Tsarki da ya tara wata takwas don ranar gardama suka ɓace masa. Ya sauko a hankali, yana tsoron ƙarar tsanin.

"Gwaggo, ba gardama na zo da ita ba. Me kuka ce yana cikin akwatin nan?"

"Almasihu da kansa. Ya ce wannan jikina ne, ni kuwa ban isa in gyara masa magana ba. Fitilar tana gaya wa duk mai shigowa cewa Mai gida yana nan." Ta ɗan dube shi. "Ku fa? Ban taɓa jin naku ba, dariyarka kawai na ji."

"A cocinmu gurasa tana nan gurasarta. Ya ce ku yi wannan don tunawa da ni. Muna ci muna tuna mutuwarsa. Wani har kuka yake."

"Kai ma?"

"Ni ma."

"To ba ɗaya ba ne."

"Ba ɗaya ba ne. Har yanzu ban yarda da naku ba, Gwaggo. Amma kalmar nan ta biskit, ki yafe mini. Ban san abin da nake wa dariya ba."

Kyandir ya gajarce, wutar ta kusa fatar hannunta. Ya koma sama da sauri, ya watsar da tsarin aikin da ya shirya, ya fara ja wa fitilar wayarta ita kaɗai. Don sauri, sau biyu fulayar da yake kama waya da ita tana kuɓuce masa. Da ya mai da wuta, jan hasken ya dawo bango.

Gwaggo ta jima tana kallon hasken kafin ta hure kyandir. Ta gwada buɗe yatsunta, suka ƙi.

"Auta, zo ka ɓare mini kakin nan. A hankali, ba waya ba ce."