Kwalekwalen Jibo

Saura kwana uku masu sayen shinkafa daga Kwatano su iso Gaya, shafin intanet na kamfanin Alhaji Sa'idu bai kammala ba. Nafisa, jikar Alhajin, wadda ta yi karatun ordinate, wato kwamfuta, a Yamai, ita aka ɗora wa aikin. Hotunan injin casa da na buhuna duk sun hau. Wurin da ta sa wa suna "Tarihinmu" ne ya tsaya mata a wuya.

Baffanta Yahaya, wanda ke riƙe da kamfanin tun da ciwon ƙafa ya zaunar da tsohon, layi uku ya ba ta: Alhaji ya fara shi kaɗai, ya yi haƙuri, Allah ya buɗa. Ta san babu baƙon da zai tsaya karanta wannan. Da hantsi ta ɗauki talho, wato wayar hannu, ta zauna gaban kakanta, ta roƙe shi ya ba ta labarin da bakinsa tana ɗauka.

Tsohon ya saki jiki. Ya faɗi shinkafar farko da ya noma a Tunuga, da yadda ya rasa abin da zai ƙetarar da ita kasuwar Malanbil.

"Sai Jibo ya ce in zuba a kwalekwalensa. Muna tsakiyar kogi ruwa ya fara shigowa. Ya tuɓe rigarsa ya toshe wurin, ni kuwa ina kwarfa da ƙwarya, babu addu'ar da ban karanta ba."

Ya yi dariya, sai dariyar ta tsinke.

"Wane ne Jibo, Kaka?"

"Kashe abin nan," ya ce.

Ta kashe, amma ba ta goge ba. Kafin la'asar ta rubuta labarin, ta kai wa Yahaya a biro, wato ofishinsa. Yana karantawa fuskarsa na ɗaurewa. Ya tashi ya tura ƙofa.

"Filin da injinmu ke zaune, Jibo da Baba suka share shi. A kansa suka ɓata, shekara talatin ko gaisuwa babu. 'Ya'yansa kafa kawai suke nema. Ke kuma za ki shaida wa duniya da ubansu aka fara? Gobe su buga wannan a takarda su kai gaban alƙali. Goge."

"Baffa, shi ne kaɗai abin da mutum zai karanta ya tuna da mu."

"Ma'aikata arba'in ke ci a nan. Na ce ki goge."

Ta rufe ordinate ɗin, ta rungume shi ta nufi gida. Tana jin takun Yahaya a bayanta, ba ta waiwaya ba.

Alhaji ya sa ta karanta masa a gaban ɗansa. Da ta gama, ya daɗe yana murza gwiwarsa.

"Sunan nan ba naka ba ne, Yahaya, ba kuma nata ba. Yana da mai shi. Gobe ta je Tunuga ta karanta masa. In ya ce a cire, a cire."

"Baba, wuƙa za mu miƙa musu."

"Ka ba ta mota."

Ta sami Jibo ƙarƙashin mangwaro yana ɗinkin komar kamun kifi, ido ya yi rauni, yatsu ne ke gani. Babban ɗansa Sanusi na tsaye, bai amsa gaisuwarta da kyau ba. Ta durƙusa ta fara karantawa. Tana kaiwa tsakiya ta ga Sanusi ya ɗaga talhonsa yana ɗaukar ta. Duk da haka ta kai ƙarshe.

"Sa'idu ne ya aiko ki, ko ɗansa?" Jibo ya tambaya.

"Kaka ne, Baba."

"Yana iya tafiya?"

"Sai an riƙe shi."

Ya ja zaren ya ƙulla, ya gatsa da haƙori.

"A bar shi yadda yake. Bai yi ƙarya ba."

Shafin ya hau ranar da baƙin suka iso. Ɗaya daga cikinsu ya nemi a nuna masa mashigin da aka ƙetare, Yahaya da kansa ya kai shi, amma Nafisa ko kallonta bai yi ba.

Ranar Litinin Sanusi ya zo biro da wasiƙa: iyalan Jibo suna neman a zauna gaban dattawan Tunuga kan maganar filin. Yahaya ya ajiye ta a kan teburin Nafisa, ya ce ta kai wa kakanta, tunda ita ta tono. Ta kai, tana jiran faɗa. Alhaji ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce a amsa musu cewa a zauna ranar Alhamis, kuma a shimfiɗa masa katifa a bayan mota, don shi zai je.