Sau Uku Ya Kira Sunan Umar

Alhaji Abdussalam mai atamfa ya kai shekara sittin da ɗaya bai taɓa marmarin wani yare ba bayan huɗun da Garwa ta ɗora masa: Hausar gida, Fulatancin kasuwa, Faransancin ofis, da Larabcin salla. Sai ga shi wata Talata, cikin zafin watan Maris, ya rufe shago da rana tsaka ya tari ɗan acaba, wai Rashanci zai je ya koyo.

Ɗansa Umar Faruƙ ne dalili. Wata takwas da suka wuce wani dillali a Yawunde ya yi wa yaron takardun tafiya Rasha, aka ce gadin masana'anta ne da safe, karatu da yamma. Alhaji, da yake mutum ne mai son a ji shi, ya ɓoye gadin ya baza karatun, har duk layin 'yan atamfa suka san ɗansa injiniya zai zama. Daga baya hoto ya zo, Umar cikin kakin soja, ya rame. Sai shiru na wata biyu. Sannan saƙon murya ya shigo daga lambarsa, amma muryar wani namiji ce daban, cikin iska mai ƙugi. Babu abin da suka tsinta a ciki sai sunan ɗansu, wanda mutumin ya kira har sau uku.

Uwar yaron, Hajiya Aisatu, a kan wannan ta rataya ranta. Ta ce wanda ya san sunansa ai yana tare da shi. Kwana goma sha ɗaya kenan kullum da safe sai an kunna mata. Fassarar waya ta kasa kama komai saboda iskar, Alhaji kuma ya ƙi tura wa kowa, don kada maganar kaki ta fita. Girman kai ne, shi ma ya sani, amma tsoro ya fi yawa a ciki.

Rumfar tsofaffin littattafai da ya nufa tana gindin wata dalbejiya kusa da makarantar sakandare. Mai ita, Laurent, dattijo ne ɗan duwatsun Mokolo, wanda aka tura ƙasar Rasha tun yana saurayi ya koyo noman auduga.

"Jam na, Alhaji?" Laurent ya gaishe shi da Fulatanci. "Littafin 'yan makaranta ake nema?"

"Jam. Na Rashanci nake so, Monsieur Laurent. Na mai farawa."

Laurent ya dube shi ta saman tabarau, bai tambayi komai ba. Ya tono littattafai biyu daga ƙasan kwali, ya kaɗe su a gwiwa. Ɗaya mai kauri ne, gara ta ci bangonsa. Ɗayan siriri, da hotuna, an manna masa katin memori na waya a ciki da salatif.

"Babban nan da shi na koya, grammaire ce, nahawu zalla. Shekara biyu, za ka rubuta wasiƙa. Ƙaramin darasi talatin ne, da murya a kati, mace da namiji suna faɗa kana maimaitawa. Ba zai mai da kai malami ba, amma kunnenka zai buɗe."

Alhaji ya buɗe babban don kada a raina shi. Baƙaƙen suka yi masa kallon sani, amma duk wanda ya kira sai Laurent ya ce ba shi ba ne: mai kama da P wai R ne, mai kama da H wai N. Ransa ya ɓaci. Ya rufe.

"Ƙaramin fa, wata nawa kafin mutum ya ji magana?"

"Wace irin magana? Ta ciniki?"

"Magana dai. Ta waya."

"Doguwa ce?"

"Ba ta kai minti ɗaya ba."

Laurent ya cire tabarau. "Alhaji, wata shida za ka ɓata a kan abin da zan ji maka yanzu. Ni bakina ba ya yawo."

Alhaji ya waiwaya hagu da dama. Babu kowa sai mai rake can nesa. Ya ciro wayar, ya kunna. Iska ta yi ƙugi, muryar ta fito.

"Ka ji ko? Umar. Ɗana ne. Ga shi nan ya sake."

"Ƙara kunnawa," in ji Laurent.

Ya ƙara. Dattijon ya saurara ido a rufe, sannan ya jawo benci ya ce Alhaji ya zauna. Alhaji ya ce tsayuwar ta ishe shi. Sai Laurent ya ɗauki ƙaramin littafin ya yi ta juya shafi har darasi na goma sha bakwai, inda ake koyar da ba da tarihin mutum. Kalmomi uku ne a jere, da Faransanci a gefensu. Ya ɗora yatsa a kan ta farko.

"Wannan, an haife shi. Wannan, ya rayu." Yatsan ya sauka kan ta ƙarshe, baƙaƙe huɗu. "Wannan ana karanta ta umer."

Alhaji ya bi layin da ido zuwa gefen Faransanci. Il est mort, wato ya mutu. Ya karanta sau biyu, domin Faransancinsa bai taɓa ba shi kunya ba, yau kuwa ya so ya ba shi.

"Ba suna ba ne, Alhaji. Mai maganar abokinsa ne. Ya ce sun binne shi da hannunsu, ya ce ku yi haƙuri."

Sai a sannan Alhaji ya zauna. Ya yi salati a hankali, ya maimaita. Abin da ya fi ci masa rai shi ne da hannunsa yake kunna wa matarsa rasuwar ɗanta kowace safiya, tana murmushi tana cewa a ƙara.

Wayar ta yi ƙara a hannunsa. Hajiya ce.

"Alhaji, an dace? Ka samo littafin?"

"Na samo."

"Mai muryar? To ka taho da wuri mu fara."

"Ina tafe," ya ce. "Ki aika a kira yayarki ta zo gidan. Ki shimfiɗa tabarmi a zaure."

Yana jin numfashinta, bai kashe wayar ba, ita ma ba ta kashe ba.