Tsohon da Ya Ɓace a Kwamfuta

Dogo na cikin kurɓar shayi a ofis sai ga kiran gwaggonsa, babbar nas a asibitin da ya rubuta wa manhajar rabon gadaje.

"Ɗan nan, kwamfutarka ta haɗiye mana mutum."

Da ya isa asibitin, ya iske ta a ɗakin maza ta riƙe ƙugu. Ta nuna masa wani tsoho a gadon bakin taga yana ɓare lemo. Daga gadon bakin ƙofa aka dawo da shi, ana cikin shigar da canjin a kwamfuta sai intanet ya yanke. Yanzu a allo, gadajen biyu duk babu kowa.

"Ni dai ga ni," in ji tsohon. "In ba na ciki, a sallame ni in tafi gida."

Dogo ya yi dariya, ya ja kujera ya buɗe kwamfutarsa. Manhajar ba ta magana da rumbun bayanai kai tsaye. Akwai ORM a tsakani, wani irin tafinta da ke ɗaukar "gado" da "majinyaci" daga rubutunsa ya mayar da su layuka a rumbun. Nan ya gano inda aka samu matsala: umarni biyu ne, kowanne da tafiyarsa. Na sauke tsohon daga gadon farko ya shiga, na ɗora shi a sabon bai kai ba.

Sai ya ɗaure su cikin tiransakshan ɗaya: ko su shiga tare, ko komai ya koma yadda yake. Ya ƙirƙiri majinyacin gwaji.

"Gwaggo, in na ce zare, ki zare wayar intanet ɗin nan."

"Au, ni ce 'yar aikenka yau?"

Amma da marmari ta fizge ta. Majinyacin gwajin ya ɓace.

"To, malam gwani!"

Ya sosa ƙeya, ya sake dubawa. Ashe umarnin farko ya bari a waje, bai miƙa masa tiransakshan ɗin ba. Ya gyara, ta sake fizgewa. Wannan karon majinyacin na nan daram a gadonsa na farko. Da suka mayar da wayar ya sake gwadawa, ya koma sabon gado lafiya lau.

Ya mayar da tsohon cikin rumbun, ya naɗe wayoyinsa ransa fes.

"Ranar hutu ka kawo min yaranka," ta ce, tana tura keken magunguna. "Kada ka ce min aiki."

"Da sassafe ma, Gwaggo."