Hannun Lok Kru

Luz tana tsugune a ƙarƙashin gidansu na katako, wanda aka ɗaga a kan dogayen dirkoki, tana gyaran kifi ta hango Vuthy ya ɓullo ta bakin gonar shinkafa, kansa a aske ƙwal, sanye da fararen kayan makoki, adda a hannu. Maza uku na biye da shi. Jiya aka ƙona gawar ubansa, don haka ba sai an gaya mata abin da ya kawo shi ba.

Ita da mijinta, Fasto Delfin, sun daɗe da baro Filifin suka zauna a wannan ƙauye na lardin Kampong Chhnang suna wa'azin Almasihu, har 'yarsu Tala ta fi jin Khmer, harshen ƙasar, a kan harshen iyayenta. Delfin mutumin kirki ne, sai dai in addu'a ta ɗauke shi hannunsa ba ya neman izini. Sau nawa Luz ta ja masa kunne cewa a nan ba a taɓa kan mutum, ko na yaro, balle na dattijo? Yakan yi dariya ya ce Ubangiji ya san zuciya. Ubangiji kam ya sani. Mutanen gari fa?

Da tsoho Chhoeun, uban Vuthy, ya kwanta ciwo, matar Vuthy, wadda ke zuwa sujada a ɓoye, ta roƙi Lok Kru, wato Malam, kamar yadda suke kiran Delfin (Luz kuma Neak Kru, wato Malama), ya je ya yi masa addu'a. Tsohon nan ya yi shekaru yana sufanci a wat, gidan ibadar gari, kuma shi ke gaba a duk biki da mutuwa. 'Ya'yansa ko wucewa za su yi ta gabansa sai sun rusuna, kada kansu ya fi nasa tsawo. Delfin ya je ya tsaya tsaye a kansa, ya runtse ido, ya shimfiɗa tafin hannu a kan furfurar, a gaban jikoki. Tsohon ba shi da ƙarfin magana, hawaye kawai ya zubo masa. Kafin mako ya zagayo ya cika.

Luz ta tura Tala sama, ta ce ta rufe ƙofa kada ta leƙo. Delfin kuwa, da yake bai san inda aka kwana ba, ya sauko daga tsani da hannuwa haɗe a ƙirji zai yi ta'aziyya. Bai gama buɗe baki ba Vuthy ya maka masa ƙotar adda a fuska. Hanci ya fashe, jini ya wanke masa riga. Sauran suka rufe shi da shuri, ɗaya ya ɗauki bencin da ake zama ranar Lahadi ya karya masa a gadon baya. Maƙwabta sun taru a bakin shinge, har da waɗanda suka ci shinkafar gidan nan lokacin ambaliya, amma ba wanda ya shigo ya raba.

Suka ja shi a ƙasa zuwa kututturen da ake fasa kwakwa. Vuthy sana'arsa hawan giginya, in ya riƙe abu ya riƙu. Ya fizgo hannun dama na Delfin ya shimfiɗa a kan itacen, ya sa ɗan uwansa ya danne gwiwar hannun.

"Wannan ne ko, Lok Kru? Ka iya harshenmu har kana gyara wa yara, amma ba ka san inda kai yake ba? Ubana ya tafi da dattin tafinka a kansa."

Delfin yana tofar da jini yana cewa albarka ya nufa, albarka kawai. Wannan magana ta ƙara wa Vuthy wuta. Ya ɗaga addar.

Luz ta rarrafa ta isa gabansa. Kuka ba zai yi ba, ta sani, haƙuri ma an wuce wurin. Ta kwanta rub da ciki, ta kama ƙafarsa mai taɓo da hannu biyu, ta ɗora a tsakiyar kanta.

"Ƙanena, kan ubanka aka taɓa, to ga nawa kan. Taka yadda kake so, ka bar masa hannu."

Wata tsohuwa a bakin shinge ta rufe fuska da mayafinta. Vuthy ya taka. Ya danna fuskarta cikin taɓo da ɓawon kifi har haƙorinta ya tsaga leɓe, ta ji ƙasa tana shiga hancinta, ba ta motsa ba. Wanda ya danne hannun Delfin ne ya fara magana. Ya ce wa Vuthy ya cire ƙafar, matar nan ta girme shi, zunubin zai bi tsoho inda ya tafi.

Vuthy ya janye kamar ya taka garwashi. Ya tsaya yana huci yana kallonta.

"Kin cuce ni, Neak Kru. Tokar ubana ba ta huce ba kin ɗora mini wannan."

Luz ta ɗauka an gama. Sai ya juya ya sauke addar da duk ƙarfinsa. Wuyan hannu ya nufa, amma ɗan uwan nasa ya riga ya sassauta riƙo, Delfin ya fizge. Addar ta nutse a kututture, ta tafi da ƙaramin yatsa da na kusa da shi. Vuthy bai ko zare ta ba, ya juya ya bi gona, mutanensa a baya.

Kaji suka rugo. Luz ta kore su da ƙafa, ta tsince yatsun daga ƙasa ta ƙulle a gefen zane, ta ɗaure wa Delfin hannun tam da mayafinta. Ta kira Tala ta bar ta wurin tsohuwar nan, ta tayar da babur, ta ɗora mijin a baya, taɓon na bushewa a gashinta.

Sun yi nisa a hanyar asibiti ta ji shi yana raɗa a kafaɗarta, yana roƙon Uba na sama ya yafe wa Vuthy. Sannan ya ce ita ma ta ce amin. Ta kauce wa wani rami, ta tofar da ƙasar da ta rage a bakinta.

"Kai ka yafe masa," ta ce. "Ni ku biyun ban yafe wa kowa ba tukuna. Ɗaga hannun sama, jinin na zuba."