Ɗan'uwan Galana na Bayan Teku

Tun da jiragen yaƙi suka kore su daga Yammacin Sahara, Imbarka ba ta ƙara ganin komai ba sai tantuna da tsakuwa. Aljeriya ta ba su masauki, Allah ya saka mata, amma fili ne da ko akuya ba za ta zaɓa ba. Baya yaƙi, gaba hamada, miji yana fagen daga. Ga shi nononta ya ƙafe, jaririyarta Galana kuma da an ɗura mata madarar gwangwani sai ta amayar. Masu shayarwar da ke kusa, nasu 'ya'yan ma ba sa ƙoshi.

Likitar sansanin 'yan gudun hijirar, Odalis, 'yar Kuba ce, gajera mai faɗan tsiya. Da ɗan Sifaniyancin da Imbarka ta tsinta zamanin Turawa suke magana. Ranar da Odalis ta auna Galana ba ta yi faɗan ba. Yarinyar na wani siririn kuka, sai gaban rigar likita ya jiƙe. Ashe ɗa ta baro wa mahaifiyarta a Kuba, ko yaye shi ba ta gama ba. Ta ja labule, ta karɓi Galana.

Wata biyu tana shayar da ita, har wuyan yarinya ya tsaya. Sannan takarda ta zo, an mayar da likita wani sansanin.

Imbarka ta same ta a gindin motar da za ta tafi da ita, ta ce mata yanzu ita ma uwar Galana ce. Odalis ta ce haba, ai aikinta ne, kamar allura. Maganar ta yi wa Imbarka zafi sosai.

"Nono ne allura? 'Yar'uwa, ɗanki yayanta ne, babu aure tsakaninsu. Faɗa mini sunansa, kada wata rana su haɗu ba su sani ba."

Odalis ta yi dariya. "A ina za su haɗu?"

Imbarka ta dubi tantunan, ta dubi 'yarta.

"Ke ma kin ɗauka a nan za ta tsufa?"

Dariyar ta ɗauke. Direba ya tada mota.

"Reinaldo," in ji Odalis. "Unguwar Regla, bakin ruwa."

Sunan ya ƙi zama a harshen Imbarka. Ta koma tanti tana ta maimaita shi a kunnen Galana.