Shafen Gidan Kunkuru

Kan tsohon direban na cikin akwatin katako, sauran jikinsa na waje, lokacin da matarsa ta fito shanya. Ta tsaya da bokiti a hannu, ta tambaye shi ko shi ne zai tare a ciki.

Shinshinawa yake yi. Akwatin nan da kansa ya haɗa shi, da hannun daman da aka ce ba zai ƙara riƙe guduma ba tun da ya yi shanyewar ɓarin jiki. Ƙusa ta sha kuɓuce masa, yatsa ya sha duka, amma ga akwati ya tsaya daram, har da ƙofa mai sakata. Ya yi shi ne don kunkurun da 'yarsa, ma'aikaciyar asibitin dabbobi, ta kawo gida bayan mota ta tsaga masa ƙoƙon baya.

Abin da za a shafa wa katakon ne ya zame masa ƙarfen ƙafa. Ƙanensa bakanike ya zo da galan na baƙin mai, ya rantse gara ko kusa ba za ta zo ba. Mai shagon fenti kuwa ya nuna masa wani ja mai walƙiya, irin na motar da ya tuƙa a ƙuruciya. Tsohon ya saye shi nan take, don yana so duk wanda ya shigo gidan idonsa ya fara sauka a kan aikinsa.

'Yar ta zauna kusa da shi ta ce, "Baba, shi fa kunkuru hancinsa a ƙasa yake. Abin da ka shafa shi zai shaƙa, shi zai lasa, ga ciwo bai gama warkewa ba."

Washegari tsohon ya mayar da jan fentin, ya karɓo banish, wato man shafa katako marar launi, irin wanda ake surkawa da ruwa, wanda ba ya cutar da dabba in ya bushe sarai. Ya shafa, ya goge da takardar samfefa mai kaushi, ya sake shafawa, ya bi kowace kusurwa inda danshi ke ɓuya. Ƙanen ya ce aikin banza ne tunda katakon ko kama bai canja ba. Tsohon ya ce masa ba don shi aka yi ba. Kunkuru ya ci gaba da zama a tsohon baho, ana jiran wari ya fita.

A safiyar nan ya zaro kansa ya ce babu sauran wari. Aka zuba yashi a gefe guda, 'yar ta ɗauko kunkurun ta saka. Ya miƙa wuya, ya taka a hankali zuwa tsakiyar katakon, ya tsaya, ya saki fitsari.

"To Malam, ga tukuicinka," in ji matar, tana dariya tana miƙo tsumma.

Tsohon ya durƙusa da ƙyar ya leƙa. Ruwan na zaune dunƙule a kan katakon, ko ɗigo bai shiga ba. Ya tare hannunta.

"Bar shi tukuna," ya ce. "A kira mini bakanike."